Babi na Biyar: Yaushe Ake Sauya wa Tururuwa Gida?

Duk wanda ya fara kiwon tururuwa, akwai wani mako da yake zuwa masa da ƙaiƙayin hannu. Sarauniyar da ya tsinta bayan ruwan sama ta yi ƙwai a cikin bututun gilashi, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ga ma'aikata takwas ko goma suna kai-komo a kan auduga. A gefe kuma ga gidan da ya saya ko ya sassaƙa da hannunsa, mai ɗakuna da lunguna, yana zaune fayau babu kowa a ciki. Sai zuciya ta fara raya masa cewa bayin Allahn nan suna cikin ƙunci, gara a fitar da su su sarara. A wannan makon ne zuriyoyi da dama suke halaka, kuma mai son su ne yake halaka su, da hannun da ya ɗauka na taimako ne.

Sai mutum ya san yadda gidan tururuwa yake somawa a daji kafin ya gane dalili. Hausawa na cewa in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Ga mazan, maganar haka take, domin suna tashi sama, su yi barbara, ba a jima ba su mutu. Macen da ta samu barbara kuwa ranar ce farkon aikinta. Tana sauka ƙasa sai ta kakkarya fuka-fukanta, ta haƙa ɗan rami, ta toshe ƙofa a kanta. A nau'o'i da yawa, irin su Lasius niger, wato baƙar tururuwar lambu ta Turai, da galibin dangin Camponotus, ba ta ƙara fitowa neman abinci. Tsokar da take kaɗa fuka-fukai da ita, wadda yanzu ba ta da sauran amfani, ita jikinta yake narkarwa tare da kitsen da ta taro a gidan uwarta, ta ciyar da tsutsotsin farko daga bakinta. Shi ya sa ma'aikatan farko suke fitowa ƙanana, masu tsoro, ba su kai girman ƙannensu da za a haifa daga baya ba. Duk wannan rayuwa a cikin ɗaki ɗaya take gudana, mai duhu, mai laima, wanda sarauniya take iya taɓa bangonsa ta kowane gefe. Abin da idon ɗan Adam yake gani matsi ne, a wurinta shi ne tsaro.

Bututun gwaji irin na ɗakin bincike ya zama gidan farko a wajen masu kiwo ne saboda yana kwaikwayon wannan ɗaki. Ana zuba ruwa ya kai kashi ɗaya cikin uku ko rabin bututun, a tura dunƙulen auduga da sauri har ya taɓa ruwan ba tare da iska ta maƙale a baya ba, a saka sarauniya, a toshe bakin da busasshiyar auduga. Ruwa yana tsattsafowa a hankali, yana ba su abin sha da laima, audugar baki kuma tana barin iska ta shiga. Kusa da ruwa akwai danshi, kusa da ƙofa a bushe yake, sai su riƙa jera ƙwai da tsutsotsi a inda ya dace da kowanne. Tsari ne mai arha wanda har yau ba a sami abin da ya fi shi ba wajen renon sabuwar zuriya. Hatta masu fasa-ƙwauri da shi suke aiki: a watan Afrilun 2025 hukumomin Kenya sun kama wasu matasa biyu 'yan Beljiyam da sarauniyoyi kusan 5,000, galibinsu na nau'in Messor cephalotes, a cikin bututu da sirinji masu auduga, kotu kuma ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya.

Tambayar sauya gida ta taso ne saboda sarauniya tana da tsawon rai. Akwatin tururuwar da Milton Levine ya fara sayarwa a Amurka a 1956, wanda aka sayar da miliyoyinsa ga yara, ma'aikata kaɗai ake aikowa da shi, babu sarauniya. Su haƙa ramuka a yashi na 'yan makonni ko watanni, su mutu, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa bukatar yi musu sabon gida. Amma John Lubbock, Baturen Ingila da ya wallafa littafinsa kan tururuwa da zuma da rina a 1882, ya riƙe wata sarauniya a tsakanin gilasai biyu masu ƙasa a tsakiya har kusan shekara 15. Hermann Appel na Jamus ya riƙe sarauniyar Lasius niger kusan shekara 29. Zuriyar da ta fara da ma'aikata goma tana iya kaiwa dubbai. Saboda haka ƙaura dole ce, wataƙila ma sau uku ko huɗu a tsawon rayuwar zuriya. Abin da ake taƙaddama a kai shi ne lokacin.

Mu ɗauka an kwashi ma'aikata goma sha biyu an zuba su a gida mai ɗaki takwas. Da farko za su takure a lungu guda, wanda ya fi duhu da matsi, su rufe sarauniya. Sauran ɗakunan ba za su zauna a banza ba. Tururuwa masu tsafta ne ƙwarai, kuma tsaftarsu ita ce su ɗauki ragowar abinci da ɓawon da 'ya'ya suka fito daga ciki da gawar 'yar'uwa, su kai inda suke ɗauka waje ne. A gidan da ya fi ƙarfinsu, ɗakin da ke can ƙarshe waje ne a ganinsu. Kamar ƙaramin iyali ne a babban gidan gado: ɗakin da ba a kwana a cikinsa shi ke zama ma'ajiyar tarkace. Bambancin shi ne wannan juji yana cikin laima, kuma hannun mai kiwo ba ya kaiwa gare shi. Cikin 'yan kwanaki fumfuna ta tsiro, bayanta ƙananan ƙwari dangin kaska su biyo. Ga kuma tashin hankalin da ke sa sarauniya ta daina ƙwai, ko ta cinye waɗanda ta yi. Zuriyar da take da ma'aikata dubu tana iya jure asarar 'ya'yan wata guda. Mai goma sha biyu ba ta da wannan ƙarfin, domin ma'aikatan farko ba sa daɗewa, in sun mutu babu magada, uwar ta koma ita kaɗai, ga shi kitsen da ta fara da shi ya ƙare.

To mene ne alamar gaskiya? Wadda ba ta da gardama ita ce ƙarewar ruwa. Bututu yakan yi watanni kafin ya ƙafe, amma zafi da busasshiyar iska suna gaggauta shi, don haka mai kiwo a Kano ko Maraɗi, inda hunturu ke busar da komai, ba zai yi lissafi da abin da mai kiwo a Jamus ya faɗa ba. Idonsa zai sa a kan ruwan. In ya rage kamar faɗin yatsa, lokacin shirya wani bututu ya yi. A lura, wani bututu na ce. Ƙarewar ruwa dalili ce ta sauya bututu, ba ta nufin zuriya ta isa shiga babban gida.

Fumfuna ita ce ta fi ruɗar sababbin masu kiwo. Audugar da tururuwa suka zauna a kanta dole ta canza launi. Takan yi rawaya, ta yi ɗige-ɗigen ruwan ƙasa, domin a nan suke bayan gida. Wannan ba komai ba ne, kuma na sha ganin zuriyoyi lafiyayyu a kan audugar da mai ƙyanƙyami ba zai so ya kalla ba. Abin damuwa shi ne fumfuna mai gashi da take yaɗuwa zuwa inda 'ya'ya suke, ko ruwan da ya gurɓace ya yi kauri. Ko a nan ma halin tururuwan ne zai ba da amsa. In suna zaune a kan audugar, suna shan ruwa, 'ya'ya suna girma, a bar su. In suka kwashe ƙwai suka koma bakin ƙofa suka manne da busasshiyar auduga, sun riga sun yanke hukunci a kan ɗakin.

Sai cunkoso. Masu kiwo sukan ba da ƙiyasi, cewa ƙananan nau'o'i su kai ma'aikata talatin zuwa hamsin, manya irin Camponotus kuma wajen ashirin, kafin a yi maganar gida. Ƙiyasin ba laifi, amma ni na fi yarda da abin da ake gani. Bututu ya cika ne in ba a iya hango gilashin ƙasa saboda jikinsu, in 'ya'ya sun yi tudu har rabin tsayin bututun, in ba a iya zare auduga a saka abinci sai rabinsu sun ɓarke waje. Wannan na ƙarshe ma yana da magani mai sauƙi wanda ba ƙaura ba. A nemi akwatin roba mai garai-garai, a shafa wa bakinsa hodar jarirai da aka dama da sifirit ko ruwan Fluon don kada su hau su fita, a kwantar da bututun a ciki a buɗe bakinsa kaɗan. Akwatin ya zama tsakar gida ke nan, inda ake ajiye ruwan sukari da ƙwari, inda kuma za su riƙa zubar da shara a wurin da hannu ke kaiwa. In suka ƙaru, a kwantar da bututu na biyu da na uku kusa da na farko. Zuriya tana iya kaiwa ɗaruruwa a haka cikin ƙoshin lafiya.

Nau'i ma yana da tasa magana. Camponotus na ƙasashen sanyi suna iya cinye shekarar farko da ma'aikatan da ba su wuce goma ba, alhali wasu nau'o'in ƙasashen zafi suna cika bututu a 'yan watanni. Dangin Messor, waɗanda su ne tururuwar da muka sani tana jan hatsi zuwa rami a gonakinmu, suna bukatar busasshen ɗaki da za su tara iri, domin iri in ya sha laima tsirowa yake yi ko ya ruɓe. Su tsakar gida da wuri take yi musu amfani. Nau'o'in Turai da Arewacin Amurka kuma suna barcin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, a sanyin digiri 5 zuwa 10. Ba a tayar da zuriya ana gab da wannan barci, balle a tsakiyarsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sun farka sun ci sun ƙoshi, sarauniya ta koma ƙwai.

Wani abin da masu kiwo suke mantawa shi ne tururuwa sun daɗe suna yanke wannan hukunci da kansu, kuma sun iya. Babu inda aka nuna haka dalla-dalla kamar a binciken da Nigel Franks da abokan aikinsa suka yi a Ingila, akasari a Jami'ar Bristol, kan wata 'yar mitsitsiyar tururuwa mai suna Temnothorax albipennis. Tsawonta bai wuce milimita uku ba, tana zama a tsagin duwatsu a gaɓar tekun kudancin Ingila, gidan da ko yaushe yana iya rushewa. A ɗakin bincike sukan yi mata gida da kwali a tsakanin gilasai biyu, su ɗage gilashin sama, su ajiye sababbin gidaje iri-iri a nesa kaɗan, su zuba ido.

Kaɗan ne daga cikin ma'aikata suke fita nema. Wadda ta sami wuri ba ta garajen komawa da labari. Tana shiga ta zagaya, ta fita, ta sake dawowa. Eamonn Mallon da Franks sun nuna a 2000 cewa a zuwan farko tana barin sawun ƙamshinta a ƙasa, a zuwa na biyu kuma tana lura da yawan yadda take tsallake wannan sawu. In tana yawan cin karo da shi, ɗakin ƙarami ne, in jefi-jefi ne, yana da faɗi. Da haka take auna wurin da ba ta ganinsa saboda duhu. An kuma gano abubuwan da suke fifitawa: duhu ne a gaba, sannan tsayin rufi, sannan ƙunƙuntar ƙofa. Gidan da suka tarar da gawar tururuwa a cikinsa ƙinsa suke yi. In wuri ya yi kyau ƙwarai, mai nema takan soma kiran 'yan'uwa da wuri. In matsakaici ne sai ta yi jinkiri, wannan jinkirin kuma shi yake ba wuri mafi kyau damar rinjaye ko da daga baya aka gano shi.

Kiran da kansa abin kallo ne. Guda ɗaya take ja. Tana gaba, ta bayan tana taɓa ƙafafunta da bayanta da 'yan gashin kanta masu ji. In taɓawar ta yanke, ta gaban ta tsaya cak, ta jira har ta bayan ta gama dube-duben hanya ta sake taɓa ta. Ta gaban, in ita kaɗai ce, da ta yi saurin da ya ninka haka sau huɗu. Franks da Tom Richardson sun bayyana wannan a 2006 a matsayin koyarwa, domin ta bayan tana koyon hanya ne, in ta isa kuma sai ta auna ɗakin da kanta kafin ta ja wata. Haka ake yi har yawan waɗanda ke cikin sabon wurin ya kai wani adadi, abin da Stephen Pratt da abokansa suka yi bayaninsa a 2002. Daga nan salo ya sauya. A daina ja, a koma ɗauka, wanda ya fi sauri kusan sau uku: a sungumi ƙwai, a sungumi tsutsotsi, a sungumi manyan ma'aikata su lanƙwashe a bayan mai ɗauka. Sarauniya ba a kai ta da farko, ba a kuma barinta ƙarshe, a tsakiyar aikin ake wucewa da ita, lokacin da akwai masu tsaro a nan da can. In hali ya tsananta kuwa, misali iska na kaɗa gidan da ya rushe, sukan rage adadin da suke jira, su yi sauri, su kuma fi yin kuskuren zaɓe. Mai kiwon da ke matsa wa zuriyarsa lamba, a wannan hali yake jefa ta.

Darasin da ke nan ga mai kiwo a fili yake: nasa shi ne tayi. A haɗa tsohon bututu da sabon wuri, baki da baki da salatif, ko da ɗan siririn tiyo. A jiƙa sabon gidan daidai, a lulluɓe shi da kwali ko baƙin ƙyalle, a yaye wa tsohon rufinsa ya zauna a hasken ɗaki. In gidan yana da ɗakuna da yawa, a toshe na nesa da auduga ko yashi, a bar musu ɗaya ko biyu. Ko na garin filasta ne irin wanda Charles Janet na Faransa ya nuna a baje kolin Paris na 1900, ko na bulon Ytong mai laushi, ko na roba, ƙa'idar ɗaya ce, gefe guda da laima, gefe guda a bushe. Daga nan sai a janye hannu. Wata zuriyar dare ɗaya ya ishe ta, wata sai ta yi makonni tana leƙe. Na ce hasken ɗaki, kuma da gangan na faɗa. Kada a kuskura a kai bututun gilashi rana don a kore su. Ranar Afrilu a ƙasar Hausa tana iya kashe zuriya gaba ɗaya kafin a gama shan ruwa, ƙwan fitila mai zafi ma in an matso da shi haka yake yi. Zafi kuma yana faɗaɗa iskar da ta maƙale a bayan auduga ta turo ruwa cikin ɗakin.

Wannan ambaliya tana daga cikin 'yan lokutan da ake tilasta ƙaura. In ruwa ya ɓalle ya fara cin 'ya'ya, ko bututu ya fashe, ko ya bushe ƙaraf ma'aikata suna faɗuwa, babu zancen jira. A karkata bututun a cikin tsakar gida kusa da bakin sabon wuri, a ƙwanƙwasa a hankali su zubo, a kwashe ragowar ƙwai da jiƙaƙƙen tsinken auduga ko lallausan buroshi a ajiye musu a ƙofa. Sarauniya ba a kama ta da hantsaki. Bayan haka a rufe su a duhu, a ba su ruwan sukari, a yi mako ba a leƙa ba. Za a yi asarar wasu ƙwai, za a kuma ga sarauniya ta ɗan dakata, amma zuriya mai ƙarfi takan farfaɗo.

In kuwa ba ɗaya daga waɗannan, aka yi tayi suka ƙi, to ƙin nan bayani ne. A duba sabon gidan: ko ya cika jiƙa, ko ya bushe, ko haske na shiga ta wani gefe, ko warin gam da fenti bai fita ba. In an gyara duk wannan suka ci gaba da zama a tsohon bututunsu mai dattin auduga, a bar su haɗe da sabon, a tabbata akwai ruwan sha a tsakar gida. Sau da yawa za a ga sun fara kai wani sashe na 'ya'yan can, musamman waɗanda suka kusa fitowa, masu son wuri mai ɗumi da ɗan bushewa, su bar sarauniya da ƙwai a nan. Zaman gida biyu ba matsala ba ne a wurinsu.

Ko a daji ƙaura ba kullum take nufin neman babban gida ba. Walter Tschinkel, wanda ya shahara da zuba narkakken ƙarfe a ramukan tururuwa don fito da siffarsu, ya bi ɗaruruwan gidajen wata tururuwa mai tara iri a Florida, ya wallafa sakamakon a 2014. Ya tarar suna tashi kusan sau ɗaya a shekara, tazarar da ba ta wuce 'yan mitoci ba, sabon ramin kuma kusan girmansa ɗaya da wanda suka bari. Girman gida a ƙasa da yawan masu haƙa yake tafiya, ɗaki bayan ɗaki. Shi ya sa masu kiwon da suka daɗe suka fi son gidajen da ake ƙara wa sashe: in wannan ya cika kashi uku cikin huɗu, a jona wani da tiyo, a bar su su bazu da kansu.

Akwai ranar da zuriya take fin ƙarfin mai ita, ta cika kabad, abincinta ya zama aiki. Wanda ya kama sarauniyarsa a unguwarsu yana da sauƙi. Wanda ya sayo baƙon nau'i daga wata nahiya ba shi da izinin buɗe akwati a bayan gida. Jar tururuwar nan mai harbi, Solenopsis invicta, daga Kudancin Amurka ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a shekarun 1930, har yau ana fama da ita, a 2023 kuma aka tabbatar ta kafa gidaje a tsibirin Sisili na Italiya. Irin wannan zuriya sai dai a miƙa ta ga wani mai kiwon da zai iya, kuma gara a san da wannan tun ranar da ake saka sarauniya a bututun farko.